Allon Baba Nagayamaka

Ka tambayi tsofaffin ɗaliban kwalejin nan sunan shugaban makaranta na zamaninsu, rabinsu sai sun sosa ƙeya. Amma ambaci Baba Nagayamaka, nan take ka ga haƙora waje. Shi ne mai riƙe makullan ɗakunan kwanan maza, shekara ashirin da tara, kuma sunan ba na yanka ba ne, bakinsa ne ya raɗa masa. An ɗauke maka takalmi a ƙofar banɗaki, ka kai kuka, amsarsa ɗaya ce: na gaya maka. Ka ara wa aboki caja ta zama tasa, na gaya maka. Wani ɗalibi ya taɓa rantsewa cewa ranar da aka haife shi ma Baba ya leƙo ya ce wa babarsa ai ya gaya mata.

Dogo ne siriri, irin mutanen da in iska ta taso sai ka ji kamar ka riƙe musu riga. Fadarsa wani ɗan ɗaki ne a zauren shiga: tebur, rajista, kujera mai ƙafa uku da rabi, sai katako a bango da ƙusa sittin da huɗu, kowace ƙusa da makullinta. A bayan ginin, makaranta ta ba shi ciki biyu da ɗan tsakar gida, inda yake zaune da matarsa. Ɗalibai Inna suke kiranta. Shi kuwa "ke" yake ce mata, sai ranar da yake neman alfarma ta koma "uwar ɗakina". A nan suka haifi 'yarsu tilo, a nan suka aurar da ita.

Abin da ya fito da shi allonsa ne. Allon kuwa ba wani allo ba ne, baƙin fenti ne aka shafa a bangon zaure tun kafin zuwansa, da wata tsohuwar ƙusa a kusurwar sama. Kowace shekara, in ya rage mako a rufe makaranta, ran Asabar da safe Baba zai fito da farin alli ya cika shi da nasiha, ɗalibai na tsaye a bayansa suna karantawa suna shan dariya. Nasiharsa ba ta cikin littafi ba ce. Kife bokitinka kafin ka tafi, in ba haka ba ka dawo ka tarar sauro ya yi aure a ciki har da jikoki. Kada ka bar guntun burodi a loka, ɓera ba ɗan ajinku ba ne. Littafin laburare ba gadonka ba ne, mayar musu. Wanke kayanka a nan, babarka ɗa ta haifa, ba buhun wanki ba. In ka faɗi jarrabawa ka faɗa a gida da bakinka, tun takarda ba ta riga ka ba. In ka isa kada ka gyara wa mahaifinka magana, da wannan bakin ya nemo maka gurbin karatun.

Layin ƙarshe ne kaɗai ba a yi wa dariya: ku yi sallama da juna ko da kun yi faɗa. A shekararsa ta shida wani ɗalibi na ɗaki na arba'in da ɗaya ya zo mayar da makulli, Baba ya tare shi da masifa a kan gilashin taga da ya fasa. Suka yi ta cacar baki, ɗalibin ya jefa makullin a tebur ya fice, Baba ya bi shi da cewa ai zai dawo ya same shi. Motar da ya shiga ba ta kai gida ba. Gilashin kuwa an sauya shi cikin awa guda.

To, shekara uku ke nan idanun Baba suna bankwana da shi. Abin daga gefe ya faro, kamar ana jawo masa labule ta hagu da dama a hankali. Da ya je asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, jijiyar da ta mutu ta mutu ke nan, maganin ɗigawa jinkirtawa kawai yake yi. Baba ya ce wa likitan ai da ma ya gaya wa idon ya rage kallon abin da ba ruwansa. Likita ya yi dariya, Inna da ta raka shi ba ta yi ba. Zuwa bana, a tsakiyar rana yana ganin mutum kamar inuwa a bayan zani. A cikin zaure kuwa, inda rana ba ta shiga, komai launi ɗaya ne.

Bai gaya wa kowa ba, ya kuma hana Inna faɗa. Dalilinsa a fili yake: ba a barin makaho ya tsare ƙofar mutum ɗari biyu. Ranar da makaranta ta sani, aikin ya tafi, ɗakunan bayan ma sun bi shi, sai gidan mijin 'yarsa. Surukin mutumin kirki ne, ya sha cewa ga ɗaki nan a share. To amma mutumin da ya shekara ashirin da tara yana tambayar samari ina za su, a ce shi ne zai koma neman wanda zai buɗe masa ƙofa a gidan suruki? Baba ya ce a bar shi ya cika talatin kawai, ya fita da ƙafarsa kamar kowa. Inna ta ce ƙafar ce ai ba ta ganin hanya. Ya ce uwar ɗakina, shekara ɗaya tak.

Kuma ya iya ɓoyon. Makullai sittin da huɗun nan ya san su da yatsa, kowanne da haƙoransa kamar 'ya'yan cikinsa. Ɗalibai ya san su da tafiya: mai jan silifa, mai gudu a matakala kamar an biyo shi, mai tari kafin ya yi sallama. Akwai wanda turarensa ke isowa minti biyu kafin shi. Rajista kuwa ya daina rubutawa, sai ya tura wa ɗalibi biro ya ce kai ne mai karatu, ni me na sani. Daga kujerarsa zuwa famfo taku goma sha tara ne, zuwa matakala bakwai, zuwa allo goma sha ɗaya. Duk wanda ya gan shi yana tafiya da kai a sama cewa yake yi girman kai ne ya ƙaru wa tsoho.

Ana haka aka kawo sabuwar jami'a mai kula da ɗakunan kwana. Matashiya ce, sa'ar 'yarsa, kullum da fayil a ƙirji kamar jaririn da ba a yaye ba, shi ya sa ɗalibai suka sa mata Madam Fayil. Ba muguwa ba ce. Tana gaida Baba da ladabi, shi kuma yana ce mata ranki ya daɗe, ya kuma haddace ƙarar takalminta tun daga bakin titi. Da ƙarshen zango ya matso ta ce iyaye za su zo ɗaukar 'ya'yansu, zauren nan kuwa ya yi kama da cikin tukunya, a yi masa fenti.

Ran Alhamis mai fenti ya zo da tsani da bokitai. Baba ya ja shi gefe ya ce ya shafe ko'ina, har kansa in yana so, amma ya bar masa allonsa. Mai fenti ya ce an gama, Baba. Da rana Baba ya tafi asibiti karɓo maganin ɗigawa, ya ce wa mutane zai je gaida wani ɗan'uwa. A bayansa Madam Fayil ta leƙo, ta ga farin bango tas da baƙin tabo a tsakiya, ta ce me ake da wannan, yanzu ai sanarwa ta waya ake turawa, a shafe. Mai fenti ya san wa ke sa hannu a takardarsa, ya shafe. Ƙusar kawai ya bari, don ta ƙi fita. Ba wanda ya gaya wa Baba. Wa zai tare mai ido ya ce masa bango ya yi fari? Inna kuwa ba ta shiga ginin maza.

Asabar da safe Baba ya sa wankakkiyar riga, ya ɗauki sabon kwalin alli, ya ƙirga taku goma sha ɗaya, ya laluba ya sami ƙusarsa. Ya auna taƙi ɗaya daga ƙasanta, kamar yadda ya saba don kada layi ya hau layi, ya fara. Ya ji allin yana santsi, ya ce a ransa allin zamani ne, komai an rage masa inganci. Ya ji ƙafafu suna taruwa a bayansa, mai jan silifa, mai tari, mai turare. Ya rubuta ta bokiti da sauro, ya ɗan dakata inda aka saba fashewa da dariya. Shiru. Ya rubuta ta ɓera. Shiru, sai wani da ya haɗiyi yawu.

Baba ya ce a ransa to, barkwancin ya tsufa, yaran bana sun ji shi a bakin yayyensu. Sai ya shiga ƙirƙiro sababbi nan take. Ya rubuta cewa wanda ya yi alkawarin aure ga 'yan mata uku a zangon nan ya bi ta ƙofar baya ya tafi da sassafe. Ya rubuta cewa gemun da aka tara don jarrabawa a aske shi, kada kaka ta ɗauka baƙo ne ta shimfiɗa masa tabarma. Yana rubutawa yana murmushi shi kaɗai, hannunsa na tafiya a miƙe, layi ƙarƙashin layi, rubutu mai kyau irin na mutanen da. Samari fiye da talatin suna tsaye suna kallon farin alli yana bin farin bango.

Akwai wani ɗan shekarar ƙarshe da ake kira Lauya, don ko gaisuwa ka yi masa sai ya kawo hujja. Shi ne ya fara gane abin da yake gani, ya matso ya rage murya.

"Baba, allin nan kamar ba ya kamawa sosai. Ka bari in samo maka wani, ka huta tukuna."

"Idonka ne ba ya kamawa, Lauya. Waya ta cinye shi. Na gaya maka tun kana ɗan aji ɗaya."

Wasu suka yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Baba ya ji daɗi, ya ce ga shi an fara. Ya duƙa ya rubuta layin ƙarshe, na sallama, ya ja masa layi a ƙasa. A daidai nan ƙarar takalmin da ya haddace ta shigo zaure, ta zo ta tsaya.

"Baba, ina kwana. Me ake yi a nan?"

"Ranki ya daɗe, nasihar ƙarshen shekara ce. Karanta mana, akwai taki a ciki. Ga shi nan fari a kan baƙi, ko makaho ya gani."

Madam Fayil ta ɗaga kai ta dubi farin bangon. Ba wanda ya ce komai. Shirun ya yi tsawon da ya wuce na rashin dariya, Baba kuwa ya san kalar shiru kamar yadda ya san makulli. Ya ɗora tafin hannunsa a bangon. Tsohon allon kaushi gare shi, da wata tsaga a tsakiya da ke karya masa alli duk shekara. Wannan sumul yake, tsagar ma an cike ta. Ya kai yatsunsa hanci ya shaƙa. Sannan ya mayar da guntun allin cikin kwali, ya rufe, ya kakkaɓe hannu a hankali. Ya ce wa samarin su watse, ba biki ake ba. Taku goma sha ɗayan komawa kuwa ya ɓace masa, ya yi karo da bakin tebur.

Ofishinta ta kira shi bayan awa guda. Ta rufe ƙofa, ta jawo masa kujera da kanta, fayil ɗin ma ya ji ta ajiye shi can gefe. Ta tambaye shi tun yaushe, ya ce shekara uku, amma bana ne abin ya yi ƙarfi. Daga nan bakin nan nasa ya buɗe. Ya ce ta zubo makullan duka a buhu ta girgiza, zai ware mata su kafin ta ƙirga ɗari. Ya ce a shekara ukun nan ko cokali bai ɓata ba. Ya ce ɓarawo ma tafiyarsa daban ce, yana jin ta. Ya ce shekara ɗaya ta rage masa, ɗaya tak, ita ma ai tana da uba.

Ta bari ya gama, sannan ta ce, "Baba, ran Talata na zo da takalmin roba, ƙafata na ciwo. Na shiga ɗakinka, na tsaya a gabanka, na ɗauki makullin ɗaki na tara, na je na dawo na rataye. Idonka a buɗe, ba ka ɗago ba. Na ɗauka tunani kake yi."

Ta ci gaba:

"Da ba ni ba ce fa? Da wuta ce ta tashi a sama, hayaƙi bai sauko ba tukuna? 'Ya'yan mutane ne, Baba. Kai ka fi ni sanin haka."

Ya fi ta sani. Duk tsawon aikinsa ba a taɓa ƙure shi da magana ba, sai yau. Ya ce gaskiya ne, ranki ya daɗe. Alfarma ɗaya ya roƙa, a bar shi a kujerarsa makon nan har makulli na ƙarshe ya dawo ƙusarsa. Ta ce ta amince, amma mai gadin babbar ƙofa zai riƙa zama kusa da shi. Ya ce ba laifi, da ma mutumin yana son kujerar tun tuni.

Da ya gaya wa Inna tana tsakar gida tana shanya. Ya jira ta ce ai ta faɗa masa, don ta faɗa ɗin, sau ba adadi. Ba ta ce ba. Ta ci gaba da matse riga ɗaya har ruwa ya ƙare a cikinta, tana matsa. Can ta tambaye shi ko rubutun ya miƙe. Ya ce yana jin ya miƙe. Ta ce to, alhamdu lillahi, ta shiga ciki ta daɗe ba ta fito ba.

Makon ya zo masa da wani abin da ya fi karon tebur ciwo. Duk ɗalibin da ya zo mayar da makulli sai ya tsaya a ƙofa ya faɗi sunansa da lambar ɗakinsa da ƙarfi, a hankali, kamar mai magana da ɗan yaye. Mai turare ma sai da ya gabatar da kansa. Baba ya ce masa kai ko a kabari na ji ƙamshin nan na san kai ne, kawo makulli. Ba a jefa makulli a tebur kuma, a tafin hannu ake sa masa, wasu har su ɗan riƙe hannun.

Lauya kuwa ya gano cewa in ka manna kunci da bango ka kalli rubutun ta gefe, wajen hantsi, allin yana ɗan fitowa. Ya tsaya a haka har wuyansa ya ƙage, ya kwafe duka ya tura wa kowa ta waya. Abin mamaki, bana aka bi. Bokitai a kife, lokoki a share, laburare ta ga littattafan da ta riga ta yi wa ta'aziyya. Igiyoyin shanya suka cika har kan katanga. Wasu biyu da suka shekara ba sa gaisawa saboda tukunyar lantarki suka zo gaban Baba suka yi musabaha don ya ji. Mai shara ta zo tana mita cewa an bar ta ba aikin yi.

"Shekara ashirin da takwas ina rubutawa ana gani ba a bi," in ji Baba. "Da na san sai ba a gani za a bi, da na makance tun ina saurayi."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Da suka fita ya zauna yana shafa gefen tebur.

Ran Juma'a da la'asar makulli na ƙarshe ya dawo. Ginin ya yi tsit, irin shirun da ya saba ji duk shekara, wanda da yake cewa shi ne hutunsa. Ya tashi ya bi ƙusoshin da yatsa tun daga ta farko har ta sittin da huɗu, babu wadda ta kwana da yunwa. Sannan ya kwance babban zoben da ke ɗaure a ƙugunsa na dama, mai makullan sito da na tankin ruwa da na ƙofar sama da na wasu ƙofofin da aka toshe tun da daɗewa. Ya miƙa wa Madam Fayil da hannu biyu. Ya ce mata na tankin sai an ɗan ja shi baya kafin a murɗa, na siton kuma ba ya son mai. Ta ce za ta rubuta. Ya ce kada ta rubuta, ta murɗa sau uku hannunta zai riƙe.

Washegari da hantsi surukin ya zo da motar ɗaukar kaya. Zaman shekara ashirin da tara bai cika bayanta ba. Motar ta tsaya a babbar ƙofa don ba a shigowa da ita, sai an taka. Inna ta sa shi ya dafa kafaɗarta, abin da bai taɓa yarda ya yi a cikin makarantar nan ba. Suka kama hanya. Ba su yi nisa ba ta ji yana janta gefe, ta gyara shi, ya sake janta.

"Malam, ina kake kai ni? Kwata ce a nan."

"Ni ma ban sani ba. Jikina ne ke karkata."

Ta tsaya ta dube shi. Ya karkace hagu kamar bangon da damina ta ci. Shekaru yana ɗauke da nauyin ƙarfe a ƙugun dama yana jingina hagu don ya daidaita, yau ba ƙarfen, jikin kuwa ba wanda ya sanar da shi.

Inna ta sauke jakar da ke hannunta, mai kwalaben maganinsa da butar shayi, ta rataya masa a kafaɗar dama. Ya ɗan miƙe.

"Ya yi?"

"Da sauƙi. Ƙara wani abu."

Ba abin da za ta ƙara, sauran kayan suna mota. Ta koma ta damansa ta riƙe masa hannu ta ɗan ja ƙasa, suka ci gaba a haka. Surukin yana tsaye ya buɗe ƙofar gaban motar yana jira.